Sallau Ya Faɗa Akwati

A rumfar kallo ta bayan Kwangila
yaran Tudun Jukun suka haska fim ɗinsu,
wanda suka ɗauka da wayar aro
da fitila ɗaya mai ciwon ido.
Ɗari biyu ce shiga. Na biya, na samu benci.

Sallau ne, mutumin Gyallesu,
shekara tara rabonsa da Ƙofar Doka.
Kujerarsa ta san shi fiye da matarsa,
ta lotsa daidai faɗinsa,
har ta fara saiwa ƙarƙashin siminti.
Gyaɗa a dama, zoɓo a hagu,
rimot a hannu, ya goge kamar tsohon carbi.
In an ce, "Sallau, an haihu a maƙwabta,"
sai ya ce, "Bari a je talla."
Talla ta zo, ya ce, "Ai wannan ma da daɗi."

Wata Laraba batir ya yi sanyi.
Ya cire, ya ciza, ya mayar, ya danna,
sai akwatin ya wage baki
ya haɗiye shi har hula.
Silifas ɗaya ya rage, yana kallon rufi.

Rimot ya faɗa cinyar Lantana.

Ta danna: ga Sallau a bakin raga,
ƙwallo ta taso masa tun daga Turai,
tumbi ya tare ba da saninsa ba,
mutum dubu tamanin suka miƙe tsaye,
shi kuwa waige yake, ina zai zauna.

Ta danna: ga shi bisa dutse, ƙasar Indiya,
ruwa na tsuga, kiɗa na jiran rawa.
Gwiwa ta ce ƙas.
Ƙugu ya ce, "Malam, ban san ka ba."

Ta danna: labaran ƙarfe tara.
Mai karatu ya gyara tabarau:
"Mai shayin bakin layi na bin Sallau
dubu huɗu da ɗari shida.
Ɗansa Tanimu ya shiga aji uku,
uban na zaton rarrafe yake har yau."

Ta danna: shirin girki.
Ga mijinta dankali ne a faranti,
da gashin bakinsa, da komai,
wata mai fara'a na wasa wuƙa.

Sai aka ɗauke wuta.

Daga cikin duhun akwati
murya ta fito, siririya kamar ta sauro:
"Lantana, tada janareta!"
Ta ce, "Nawa ne litar mai yanzu?"
Shiru.
"Mudun shinkafa fa?"
Shiru.
"To, faɗi sunan autarka."
Ya ce, "Ba ni zaɓi huɗu."

Ta dubi kujerar nan da ta share ƙarƙashinta shekara tara
ba ta taɓa jin laushinta ba.
Ta zauna. Ta miƙe ƙafa. Ta jawo kwanon gyaɗa.
"Lantana! Yaushe za ki fitar da ni?"
Ta ce, "Bari a je talla."

Rumfa ta ɓarke.
Wani direban Sabon Gari ya ƙware da rake,
na bayana na dukan kafaɗata kamar ni na ci bashin,
ni ma na yi dariya har da hawaye,
ina cewa na san wani mai irin halin nan,
kowa ma ya ce ya san wani.

Mai rumfa ya ce za a maimaita, rabin kuɗi.
Ba wanda ya motsa.
Can na tuna tun la'asar aka aike ni
sayo maganin tari a Tudun Wada,
ga shi har an idar da isha'i,
kuɗin kuma ɗari biyu ta yi ƙafa.

Na yunƙura, benci ya riƙe min riga.
Ƙusa ce, na ce wa kaina, ƙusa ce kawai.
Na laluba ƙasa da yatsun ƙafa,
silifas ɗaya na samu.
Kafin in duƙa neman ɗayan
allon ya kawo haske,
sai na ce bari dai in ga wajen dankalin nan.